Ƙarfin da Kwaɗo Ba Ya Kullewa a Jikin Akcuweta

A kowace masana'anta da ake tura mai, gas, tururi ko sinadari ta cikin bututu, akwai bawuloli, wato na'urorin da ke buɗe hanyar bututu ko su toshe ta, masu yawa waɗanda ba hannun mutum ke buɗe su ko rufe su ba. Na'urar da ke zaune a kan irin wannan bawul, tana karɓar umarni daga ɗakin sarrafawa tana tura sandarsa sama ko ƙasa, ko kuma tana juya shi, ita ce ma'aikata ke kira akcuweta. A cikin kayan da nake hulɗa da su a sana'ar kula da na'urorin awo da sarrafawa, ban ga wanda ake yi wa kallon raini kamarta ba, kuma dalilin a bayyane yake. Tana wajen bututu, ba ta taɓa abin da ke gudana a ciki, jikinta notuna ne da tiyo da waya, don haka sai a ɗauki gyaranta a matsayin ɗan aikin sufana wanda bai cancanci dogon shiri ba. A ganina, kulle wuta da rufe iska, duk da muhimmancinsu, rabin shirin ne kawai. Sauran rabin shi ne ma'aikaci ya san abin da kowane noti yake riƙe da shi kafin ya ɗora masa sufana, domin akwai ƙarfin da yake nan daram bayan an rataya kwaɗo a ko'ina.

Ɗan lissafi kaɗan ya isa ya nuna girman abin da ake magana a kai. Matsin bar 1 (bar ma'aunin matsi ne) daidai yake da nauyin kusan kilo 1 a kan kowane murabba'in santimita. Akcuweta mai faifan roba wadda faɗin faifanta ya kai murabba'in santimita 700, idan aka sa mata iska mai matsin bar 2 kacal, tana turawa da ƙarfin kusan kilo 1,400. Wadda ke aiki da fistin mai faɗin santimita 30, idan ta samu iskar layi a bar 6, ƙarfinta ya wuce tan 4. Duk wannan ƙarfin yana taruwa a kan sanda guda wadda kaurinta bai fi na babban yatsa ba, kuma tana iya motsi ba tare da wata ƙara ta gargaɗi ba. Yatsan da ya shiga tsakanin maɗaurin sanda da ƙafafun akcuweta a lokacin da ta motsa ba zai fito yadda ya shiga ba.

Mafi yawan akcuwetocin iska suna ɗauke da sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfe mai tsalle idan an danne shi an saki, a ciki, kuma an sa shi ne da gangan domin ya yanke hukunci a lokacin da iska ta ɗauke. A wasu wuraren, kamar bawul ɗin da ke kai mai zuwa tanderu, ana so ya rufe da zarar an rasa iska. A wasu kuma, kamar na ruwan sanyaya, ana so ya buɗe gaba ɗaya. Akwai kuma waɗanda aka tsara su tsaya a inda suke. Abin da wannan ke nufi ga mai gyara shi ne, rufe iskar akcuweta ba ya kwantar da ita, sai ma ya sa ta tashi. Mutumin da ya rufe iska da nufin kare kansa, bai duba farantin da ke jikin akcuweta ko takardar bayaninta ya ga inda sifirin zai kai bawul ɗin ba, yana iya buɗe hanya ga tururi zuwa wani sashe da abokan aikinsa ke ciki, ko ya katse abin da ke sanyaya wata tukunya. Shi ya sa nake ganin matakin farko ba na hannu ba ne. Sai an je ɗakin sarrafawa an yi magana da mai kula da wannan sashe, an mayar da sarrafa bawul ɗin daga na na'ura zuwa na hannu, an amince a kan abin da zai faru idan bawul ɗin ya tafi inda sifirin ke so, an kuma rubuta hakan a takardar izinin aiki.

Bayan iska ta fita kuma bawul ya kai ƙarshen tafiyarsa, mutane da yawa suna zaton sifirin ya huta. Bai huta ba. Tun a wurin ƙira ake matse shi zuwa wani mataki domin ya danne matoshin bawul a kan mazauninsa da ƙarfin da zai hana matsin cikin bututu ɗaga shi, don haka ko a lokacin da geji, wato agogon awon matsi, ke nuna sifili, sifirin yana nan kamar baka da aka ɗana aka bari. Ba shi da waya da za a cire, ba shi da famfo da za a rufe, kuma ba wurin rataya masa kwaɗo. Hanya ɗaya ce ake sauke ƙarfinsa, wato a sassauta shi sannu a hankali ta yadda maƙerinsa ya tsara. A akcuweta mai babban sifirin guda ɗaya, akwai notin daidaitawa a ƙasa wanda ake warwarewa har sai an ji ya saki sarai, kafin a taɓa ko ɗaya daga notunan murfin. A mai ƙananan sifirin da yawa a cikin murfi, sau da yawa za a tarar a cikin notunan da suka kewaye bakin murfin akwai 'yan ƙalilan da suka fi sauran tsawo. Waɗannan dogayen ba kuskuren wanda ya haɗa ba ne. Ana cire gajerun duka tukuna, sannan a riƙa sassauta dogayen kaɗan-kaɗan, wannan bayan wancan, yadda murfin zai taso a daidaice har sifirin ya miƙe kafin zaren notin ya ƙare. Idan wani ya taɓa musanya dogayen da gajeru saboda sun yi tsatsa, to ya cire kariyar ba tare da ya sani ba, kuma mai zuwa bayansa ne zai gamu da murfin ƙarfe yana tashi zuwa fuskarsa. Saboda haka idan na ga dukkan notunan murfi tsawonsu ɗaya a kan akcuwetar da takardarta ta ce an matse sifirinta, ba na yarda a buɗe ta a inda take, sai an kai ta shago an danne ta da injin matsi.

Manyan akcuwetocin da ke juya bawul mai ƙwallo a bututun mai da gas suna da sifirin da aka rufe a cikin gwangwanin ƙarfe aka yi masa walda. An yi waldar ce domin kada kowa ya buɗe. Ko an yanke shawarar jefar da shi a cikin tarkacen ƙarfe, ba a sa masa wutar yanka ko injin gurza, kuma wajibi ne a rubuta gargaɗi a jikinsa, domin mai saran tsohon ƙarfe ba shi da hanyar sanin abin da ke ciki.

Haka maɗaurin da ke haɗa sandar akcuweta da sandar bawul. Guntayen ƙarfe biyu ne da notuna biyu, amma idan sifirin ko iska na danne da su, kwance su yana sakin sandar ne gaba ɗaya a lokaci guda. Ƙa'idar ita ce a yi amfani da iskar gwaji mai regileta, wato na'urar daidaita matsi, a ɗaga matoshin daga mazauninsa kaɗan, ko a sassauta sifirin, har nauyi ya sauka daga kan maɗaurin, sannan a kwance. Kuma ba a juya sandar bawul alhali matoshi na zaune a kan mazauni, domin hakan yana karce fuskar da ke hana yoyo.

Wurin da na fi so a tsaya a yi nazari shi ne iyakar da ke tsakanin akcuweta da jikin bawul, domin a nan ne aikin da ake ganin na waje ne yake rikiɗewa ya zama buɗe bututu. Ranar 27 ga Yuli, 2021, a masana'antar LyondellBasell da ke La Porte a jihar Teksas ta Amurka, an sa wasu ma'aikatan kwangila su cire akcuweta daga kan wani bawul domin a samu damar kulle bawul ɗin a gyara wani bututu da ke yoyo. Bayan sun cire notunan da ke riƙe da akcuwetar, sai suka ci gaba suka kwance waɗanda ke riƙe da murfin bawul ɗin kansa, suna zaton duk na abu ɗaya ne. Wani guntun ƙarfe mai haɗa akcuweta da bawul ya maƙale, suka sa ƙarfe suka banƙare shi, sai murfin da matoshin suka yi tsalle suka fita. Kimanin tan 74 na ruwan asid mai zafi ya kwararo, mutum biyu suka rasu. Hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka, CSB, ta gano cewa babu rubutaccen tsari na cire wannan akcuweta, kuma ba a koyar da ma'aikatan yadda za su bambance notunan ba, saboda an ɗauki aikin a matsayin mai sauƙi.

Shekara biyar kafin haka, ranar 22 ga Nuwamba, 2016, kusan irin wannan ya faru a matatar ExxonMobil da ke Baton Rouge a jihar Luwiziyana. Giyabos ɗin da ke juya wani bawul ya ƙi aiki, ma'aikaci ya cire shi kamar yadda aka saba domin a juya bawul ɗin da sufanar bututu. A mafi yawan bawulolin wannan sashe, cire notunan da ke riƙe da mazaunin giyabos ba ya taɓa murfin bawul. Amma wannan ɗaya ne daga cikin 'yan tsirarun tsohuwar ƙira, inda notuna huɗun da ya cire su ne kuma ke danne da murfin. Da aka juya bawul ɗin sai ya tarwatse, kimanin kilo 900 na gas mai kama wuta ya fita, ya tarar da injin walda a kusa, mutum huɗu suka ƙone ƙwarai. Abin da ya fi jan hankalina a wannan labari shi ne, ba jahilci ne ya cuci mutumin ba, sabo ne. Hannunsa ya san aikin a kan bawuloli masu yawa, kuma a kan dukkansu abin da ya yi daidai ne, sai wannan guda. Daga nan na ɗauki matsayin cewa ba a cire akcuweta ko giyabos daga bawul mai matsi a ciki sai da zanen wannan bawul ɗin takamaimai a hannu, mai lambar da ta yi daidai da wadda ke jikin farantinsa, kuma a shafa wa notunan da ke riƙe da matsi fenti mai launi dabam kafin a fara. Fenti abu ne mai arha, kuma yana yi wa mutum magana a daidai lokacin da gajiya ta sa ya daina tunani. Sa'annan idan wani abu ya maƙale ya ƙi fita, wannan dalilin tsayawa ne a sake duba zanen, tun kafin a nemi guduma ko ƙarfen banƙara.

Mafi aminci dai shi ne a sauke matsin bututun gaba ɗaya, kuma a nan ma akwai ruɗin da ya kamata a kauce masa. Bawul ɗin sarrafawa ba bawul ɗin killacewa ba ne. An ƙera shi domin ya daidaita gudu, kuma ƙa'idojin da ake gwada shi da su sun yarda masa da wani adadin yoyo ko yana sabo. A mataki na huɗu na waɗannan ƙa'idojin yoyo, wanda shi ne aka fi samu a bawul mai mazaunin ƙarfe, an yarda ya zubar da kashi ɗaya cikin dubu goma na abin da yake wucewa idan yana buɗe, balle kuma bayan ya yi shekaru yashi da tururi suna cin mazauninsa. Don haka ana rufe bawulolin hannu da ke gabansa da bayansa a kulle su, a buɗe ƙaramin famfon da ke tsakani a zubar da abin da ya rage, a kuma tabbatar famfon kansa bai toshe ba, domin famfon da datti ya toshe da bututun da ya huce duk shiru suke yi. Inda abin da ke cikin bututu yake da guba ko yake kama wuta, ana rufe bawul biyu a jere da mafitar iska a tsakaninsu, ko a sa farantin ƙarfe a tsakanin filanji, wato bakunan bututu da ake haɗawa da notuna, ya toshe hanyar ɗungurungum. Ko bayan wannan, wurin fakin, wato abin da ake cusawa kewaye da sanda domin hana yoyo, yana iya riƙe ruwa mai matsi har bayan an ciro bawul daga layi, haka ma kogon da ke cikin bawul mai ƙwallo. Bawul mai faifai kuwa, idan aka ɗauke masa akcuweta alhali akwai gudu a bututu, faifan yana iya juyawa da kansa, tunda ita ce kaɗai ke riƙe da shi.

Ita kanta iskar ba a rufe ta kawai a tafi. Bayan an rufe famfon an kulle shi, sai an fitar da wadda ta rage a tiyo da regileta da cikin akcuweta, ana kallon geji har ya kwanta. Akcuwetar fistin da ba ta da sifirin tana da iska a ɓangarori biyu, kuma dole a sauke duka biyun. Wasu ana haɗa su da tankin ajiyar iska domin su iya motsa bawul ko kwamfuresa ya mutu, wasu kuma da ɗan bawul da ke kulle iskar a ciki da zarar matsin layi ya faɗi. Waɗannan biyun aikinsu ke nan, su riƙe matsi bayan an rufe layi, don haka mai gyaran da bai bi tiyo da idonsa daga farko zuwa ƙarshe ba zai bar su a cike. Wani abin lura kuma shi ne, ba kullum iska ce a cikin tiyon ba. A wasu masana'antu ana tallafa wa layin da naitirojin idan kwamfuresa ya gaza, a kan bututun gas kuma sau da yawa gas ɗin kansa ake amfani da shi. Naitirojin ba shi da wari ko launi, kuma sakin sa a cikin ƙaramin ɗaki ko akwatin na'urori yana korar iskar numfashi ba tare da mutum ya ji alamar komai ba.

Cire tiyo yana da sauƙi, mayar da shi ne ke bukatar natsuwa. Ranar 23 ga Oktoba, 1989, a masana'antar roba ta kamfanin Phillips da ke Pasadena a Teksas, ana aikin share wani bututu a ƙarƙashin tukunyar sarrafa sinadari, kuma bawul guda ɗaya ne ya raba ma'aikata da abin da ke cikin tukunyar. Bincike ya nuna cewa tiyoyin iska biyu na akcuwetar, na buɗewa da na rufewa, an haɗa su a juye, kuma bakunansu iri ɗaya ne, babu abin da zai hana wannan shiga gurbin wancan. Sakamakon haka, umarnin rufewa ya zama na buɗewa. Gas mai yawa ya fita cikin ɗan lokaci, ya fashe, mutum 23 suka mutu, fiye da 300 suka ji rauni. Tun daga wancan lokaci ake nanata cewa a sa wa tiyoyin bakuna masu girma dabam-dabam. Inda ba a yi haka ba, aƙalla a ɗaura wa kowane tiyo da gurbinsa alama kafin a cire, ba bayan an cire ba.

Saƙon da ke zuwa daga ɗakin sarrafawa shi ma ƙarfi ne, ko da yake ɗan kaɗan ne. A yawancin wurare yana zuwa a matsayin wutar da ke tsakanin 4 da 20 mA (ma'aunin ƙaramar wutar lantarki), a tsofaffin masana'antu kuma iska ce mai matsin 3 zuwa 15 psi (wani ma'aunin matsi). Fozishina, wato na'urar da ke kwatanta umarni da ainihin inda sanda take ta ƙara ko ta rage iska, ita ke mayar da wannan ɗan saƙo ya zama tan na ƙarfi. Fozishinonin zamani suna iya saita kansu, kuma idan aka ba su wannan umarni sukan kai bawul ƙarshe zuwa ƙarshe da kansu. Tunda ana iya ba da umarnin ta kan waya daga nesa, mai yiwuwa ne wanda ya danna maɓallin bai ga wanda hannunsa ke kan sanda ba. Kuma abin da allon kwamfuta ke nunawa sau da yawa umarnin da aka aika ne, ba matsayin bawul ba. A tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka, ranar 28 ga Maris, 1979, fitilar da ke gaban ma'aikata ta nuna an aika wa wani bawul umarnin rufewa, suka ɗauka ya rufe, alhali ya maƙale a buɗe fiye da awa biyu. Mai gyara yana tabbatar da matsayin bawul ne a jikinsa, a kan ma'aunin tafiyar sanda.

Akcuwetar lantarki tana da nata tarkunan. Maɓallin da ke jikinta na zaɓen aiki daga nesa, ko daga kusa, ko tsayawa, ba ya raba ta da wuta, kuma dokar kulle makamashi ta OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, dokar da ta fito a 1989, ta faɗa ƙarara cewa irin waɗannan maɓallan ba sa cikin na'urorin killacewa. Ana kashe wutar ne daga tushe a kulle, sannan a gwada da mita, tare da tuna cewa sau da yawa akwai wuta fiye da ɗaya a cikin akwatin: ta injin, ta saƙon sarrafawa, da ta ɗan hita mai hana raɓa, kowacce daga nata wurin. Wasu ma suna da batir ko sifirin da zai motsa bawul bayan wuta ta ɗauke. A wurin da gas ke iya taruwa, murfin akcuwetar an ƙera shi ne domin ya riƙe fashewa a ciki, don haka ba a buɗe shi da wuta a jiki, kuma ba a sa sukudireba a banƙare shi, domin karce guda a kan sumul ɗin bakinsa ya isa ya ba harshen wuta hanyar fita. Bayan an sake haɗa wayoyin injin mai layi uku, a kai bawul tsakiyar tafiyarsa da sitiyarin hannu kafin gwajin farko, saboda idan an juya layi biyu, a tsofaffin akcuwetoci injin zai juya baya kuma makunnin da ya kamata ya tsayar da shi ba zai yi ba.

Ta haidirolik kuwa, matsin manta yakan wuce bar 100, kuma tukunyar ajiyar matsinta tana nan a cike bayan an kashe famfo. Ba a laluben yoyon irin wannan mai da hannu. Siririn tsirtuwarsa yana huda fata ya shiga nama, ya bar ɗan tabo kamar na allura, amma rauni ne na tiyata cikin gaggawa. Tukunyar kuma da naitirojin kaɗai ake cika ta, ba da oksijin ko iskar kwamfuresa ba.

Duk wannan ya shafi ranar da aka buɗe akcuweta, amma kulawar yau da kullum ita ce ke rage yawan irin waɗannan ranaku, kuma mafi yawanta a kan ingancin iska take. Ƙa'idar ISA, ƙungiyar masana na'urorin awo da sarrafawa, ta bukaci iskar na'urori ta zama busasshiya yadda ba za ta yi raɓa ba ko zafin wurin ya sauka digiri 10 ƙasa da mafi sanyin da ake samu, ƙurar cikinta kada ta wuce maikiron 40 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), mai kuma kada ya wuce kashi ɗaya cikin miliyan. Ruwa yana sa tsatsa a sifirin da silinda, mai yana kumbura roba, ƙura tana toshe ƙananan ramukan fozishina. Zubar da ruwan da ya taru a gindin regileta da canza matatarta aiki ne na mintoci. Ana duba yoyo da ruwan sabulu a mahaɗan tiyo da bakin murfi, kuma idan aka ji iska na fita ba yankewa daga ramin numfashin da ke ɓangaren sifirin, faifan roba ya huje. Shi wannan ramin ya cancanci a riƙa leƙa shi, domin zanzaro yana son gina ɗakinsa a ciki, masu fenti ma sukan shafe shi, kuma idan ya toshe bawul yana yin nauyin tafiya ko ya kasa kaiwa ƙarshe. Bawul ɗin da ke tafiya da fizga, ya tsaya sannan ya yi tsalle ya wuce inda ake so, galibi fakinsa aka ɗaure fiye da kima domin a tsayar da yoyo. Ƙara wa akcuweta iska domin ta rinjayi wannan taurin ba gyara ba ne, kuma kowane murfi yana da iyakar matsin da aka rubuta masa.

Wajen ɗagawa, a rataya akcuweta a ƙugiya kafin a kwance notin ƙarshe, musamman idan a kwance take ko a karkace. Zoben da ke samanta an yi shi ne domin nauyinta ita kaɗai, ba domin ita da bawul tare ba.

Mayar da bawul bakin aiki shi ne matakin da aka fi yi cikin gaggawa, saboda dare ya yi kuma masu sarrafawa suna jira. Ana kai shi kwata, rabi, kashi uku cikin huɗu, da ƙarshe, mutum ɗaya a ɗakin sarrafawa ɗaya a gindin bawul, suna tabbatar wa juna cewa abin da aka aika shi ne abin da ya faru. Sannan a rufe iska da gangan a ga ko ya tafi inda takardarsa ta ce, a kuma cire saƙon a sake gani, domin rashin iska da rashin saƙo ba lallai su kai shi wuri ɗaya ba. Duk wata hanyar wucin gadi da aka yi amfani da ita lokacin gyara, ko waya ce da aka tsallake makunni da ita ko tiyon da aka jona kai tsaye, sai an cire ta an rubuta cewa an cire. A masana'antar Formosa Plastics da ke Illiopolis a jihar Ilinoi, ranar 23 ga Afrilu, 2004, wani ma'aikaci ya je gindin tukunyar da ba ita ake wankewa ba, bawul ɗinta ya ƙi buɗewa saboda tsarin kariya ya hana, sai ya jona tiyon iskar gaggawa kai tsaye a kan akcuwetar ya tilasta mata. Tukunyar tana cikin aiki, kuma mutum biyar ne suka rasu. Tiyon da ke iya tsallake kariya bai kamata ya zauna a rataye kusa da bawul ba.

Abu na ƙarshe da ake dubawa shi ne sitiyarin hannu, idan akcuwetar tana da shi. Lokacin gyara akan murɗa shi domin a riƙe bawul a wani matsayi, kuma idan aka manta ba a mayar da shi tsaka-tsaki ba, bawul zai ci gaba da amsa umarnin yau da kullum kamar babu matsala, amma ranar da iska ta ɗauke sifirin zai tura sanda ta ci karo da shi ta tsaya a rabin hanya. A kan bawulolin rufewar gaggawa, waɗanda kan yi watanni ba su motsa ba, ana gano irin wannan ne ta hanyar motsa su kaɗan lokaci-lokaci alhali masana'anta na aiki, da kuma cikakken gwaji idan an tsayar da ita. Sitiyarin kuwa a mayar da shi gurbinsa, a sa masa sarƙa da kwaɗo, a rubuta matsayinsa a takardar izinin kafin a sa mata hannun rufewa.